Ƙugiyar da Ta Bi Nasira Shekara Arba'in

In ka shiga Gazawa ka tambayi gidan Nasira, za a ce maka wace Nasira, don suna da yawa. Ka ce mai ƙuli, sai a nuna maka lungun da ƙamshin soyayyar gyaɗa zai tare ka tun kafin ka hangi ƙofa. Amma in ƴan mata ƴan kwaleji ka tambaya, kada ka ɓata bakinka da zancen ƙuli. Su mai Gulbi suke ce mata, saboda labarin da ta riƙa rubuta musu a waya, wanda ya hana su wanke-wanke a kan lokaci har wata bakwai.

Ni taubashinta ne. Uwata Tala da ubanta Salisu ciki ɗaya suka fito, don haka ina da izinin in faɗi abin da na ga dama a kanta, ita ma tana da shi a kaina, kuma ta fi ni morar izinin nesa ba kusa ba. Sunana Rabo, malamin lakol ne ni, wato makarantar firamare, na share shekara ashirin da uku ina cin alli. Tunda na fara aiki ta daina kiran sunana, sai dai Mushe, laƙabin da ake yi wa malaman lakol daga Faransanci, kuma yadda take jan kalmar kai ka san ba girmamawa ba ce.

An haife ta a 1984, shekarar da shanu suka mutu. Gidanmu asalinsa na kiwo ne. Kakanninmu daga arewa suka gangaro, suka zauna a gefen Gazawa suka kama noman gero da gyaɗa, amma ba su saki garke ba sai a waccan shekara da garken ya sake su. Kakarmu Dija, wadda ta haifi Tala da Salisu, da Fillanci ta tashi, Hausa da girmanta ta koya. Ta iya ta sarai, har zagi ta iya da ita, sai dai baƙi ɗaya ya ƙi zama a harshenta har ta mutu. Ba ta iya ƙ ba. Ƙofa a wurinta kofa ce, ƙwarya kwarya ce. In ta ce a kira mata kanwar wance, mu jikoki sai mu ruga madafa mu kawo mata kanwar miya, mu tsaya daga nesa muna jiran ta jefo takalmi. Kowa a gidan ya saba. Kunnuwanmu da kansu suke gyara mata magana, tana faɗin k muna jin ƙ, ba tare da mun san mun yi gyaran ba.

Ranar sunan Nasira da safe, Dija ta fito daga ɗakin mai jego da jaririya a hannu, ta tsaya a tsakar gida gaban mata ta ce, "Wagga ɗiya ita za ta kare gidan ga."

Ga duk mai jin Hausa, magana biyu ce a nan, kuma ƙugiya ɗaya ce ta raba su. Kare gida shi ne a tsare shi. Ƙare gida shi ne a gama da shi. A makon nan ne aka ja gawar saniya ta ƙarshe daga bayan gidan, ga rumbu babu komai, ga maza biyu sun ƙetara iyaka neman abinci. Matan da ke wurin suka ji maganar da kunnen da ya saba yi wa Dija gyara. Uwata ta ce wadda ta ɗaga hanci za ta yi guɗa ma sai ta fasa.

Ba wanda ya ce mata, Inna, me kika ce? A wurinmu mugun baki ba a sa mai shi ya maimaita, don ana ganin maimaitawar ita ke ɗaure shi. Kuma wa ya isa ya tsare tsohuwa da tambaya a kan abin da ta gani? Aka yi shiru a gabanta, aka yi ta faɗa a bayanta.

Kada in yi wa danginmu ƙarya, ba a dake ta ba, ba a hana ta tuwo ba, kayan salla ma tare da na kowa ake ɗinka nata. Abubuwan ƙanana ne. Ba a aiken ta cikin rumbu ta ɗebo gero. Ranar shuka ba a ba ta ƙwaryar iri, sai dai ta bi baya tana rufe rami da ƙafa. Da rumbun ubanta ya kama wuta tana ƴar shekara bakwai, kowa ya san garwashin da wata maƙwabciya ta ɗauko ne iska ta kwasa, amma ba maƙwabciyar aka kalla ba. Da ƙanenta Jamilu ya rasu a shekarar sanƙarau, uwarta Fatima ta kwana uku ba ta kira ta ba, ko da laƙabi. Dija ce kaɗai ta jawo ta jiki. A ɗakinta take kwana, daga ƙwaryarta take shan fura, a bakinta ta ji labaran shanu masu suna da rijiyoyin arewa. Mutane suka ce ai dole, tsohuwa tana gadin abin da ta sani ne. Nasira na da shekara tara Dija ta rasu.

A lakol ta fi duk ƴan ajinsu iya rubutu, amma a aji shida ta tsaya, ta koma koyon matsar mai a wurin wata dattijuwa a unguwarsu. Ta iya aikin har ta fi mai koya mata.

Yanzu na zo wurin da ba na son zuwa. Na so Nasira. A 2002 ne, ina gama makarantar horon malamai a Maraɗi, ita kuma tana da shekara goma sha takwas. A ƙasarmu babu auren da ya kai na taubasai sauƙi, galibi ma manya ne ke haɗa shi tun yara ba su san kansu ba. Namu ne kaɗai aka haramta. Da na gaya wa uwata, tana tankaɗe, ko rariyar ba ta aje ba ta ce, "Gidan Salisu bai ishe ta ba, sai ka kawo mani ita nawa?"

Na yi musu kwana biyu. Na kawo zancen ilimi, na kawo zancen addini, na ce camfi ne, har da kalmomin Faransanci na jefa don a san na yi karatu. Rana ta uku takardar aiki ta fito, aka tura ni wani ƙauye a wajen Gidan Rumji, na ɗaure katifata na tafi. Daga can na yi shiru, shirun kuma ya zama amsa. Bayan shekara biyu na auri Rukaiya, mace ta gari wadda ba ni da abin da zan ce a kanta sai alheri. Nasira ba ta yi kuka a gabana ba. Da na dawo hutu ta tare ni da tsokana kamar kullum, sai dai tun daga lokacin tsokanar ta ƙara gishiri.

Wanda ya aure ta Tasi'u ne, direban motar haya tsakanin Gazawa da Maraɗi, wanda kakanninsa daga wajen Katsina suka zo. Da masu son alheri suka ja shi gefe suka ba shi labarin abin da kaka ta faɗa, sai ya ce, "Mota guda gare ni, kuma ta riga ta ƙare tun kahin in sai ta." Suna da ƴaƴa huɗu yanzu, motar ma tana nan tana tari.

Tasi'u bai yarda da maganar ba, amma Nasira ta yarda, kuma nan ne ciwon yake. Tunda ta yi aure ba ta sake kwana a gidan ubanta ba. Ko biki ake, ko rasuwa aka yi, tana ganin rana ta yi sanyi za ta ɗauki mayafi. In yayyenta sun gina sabon ɗaki, sai kowa ya shiga ya fita kafin ta sa ƙafa. Ba wanda ya sa ta. Ita ta ɗaukar wa kanta, don kada wani abu ya faru a ce ga shi nan.

Aikinta ba ya barin hannu ya bushe. Ta soya gyaɗa, ta mutsuke ɓawo, ta sheƙe, a kai inji a niƙo, ta zauna tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Ta kwashe mai ta dura a kwalabe, ta murza tunkuza ta zama ƙuli, ta sake komawa gaban wuta. Sai bayan la'asar take samun kanta. A lokacin ne take kifa turmi ta zauna a kai, ta jawo waya. Wayar kullum cikin farar leda take saboda maiƙo, ta cikin ledar take dannawa, da babban yatsa ɗaya.

Babbar ƴarta Basira ce ta jawo abin. Yarinyar ta kamu da karatun labaran da ake turawa a Watsap, har ta kai ana kiranta ba ta ji. Nasira ta karɓe wayar don ta ga me ke cinye mata ɗiya, ta karanta labari biyu, ta mayar mata ta ce in dai wannan ne, ita ma ta iya, kuma nata zai fi. Aka buɗe mata gurup da ƙawayen Basira goma sha ɗaya. Da farko da rubutun lakol na zamaninsu, irin na Faransanci, ta fara, tana sa ou a wurin u, tana sa tch a wurin c, har ƴan matan da suka shigo daga Katsina suka ce idonsu na ciwo, ta gyara. Kafin wata uku mutanen gurup sun haura ɗari uku, daga Gazawa, da Agye, da Cadakori, da ƙetaren iyaka.

Sunan labarin Mutanen Ƙarƙashin Gulbi. A cikinsa, gulbin da muke gani busasshe da goruba a kansa bai mutu ba, nutsewa ya yi. A can ƙarƙashin rairayi ruwa na gudu, akwai gari, akwai mutane masu fararen shanu da ba su taɓa ganin rana ba. Doka ɗaya ce tsakanin na sama da na ƙasa: duk wanda ya sha ruwan wani ɓangare, nasa ɓangaren ya rufe masa ƙofa har abada. Sai aka haifi yarinya a garin sama, mai suna Yalwa. Ranar sunanta wata makauniyar tsohuwa da ke zama a bakin rijiya ta shafa fuskarta ta ce, "Wannan yarinya ita za ta kare garin nan." Yalwa ta girma mutane na kauce mata. Ran nan tana jan ruwa guga ya yi nauyi, ta leƙa, ta ga saurayi riƙe da igiyar daga ƙasa. Sunansa Barmo, makiyayin fararen shanun. Sauran kuwa kun san yadda irin wannan ke tafiya: ita ba ta iya sauka, shi ba ya iya hawowa ya zauna, ga ƙishirwa, ga ruwa a hannun kowannensu, ba mai ikon karɓa daga ɗan'uwansa.

To, wayar Nasira a lokacin ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya, kamar wayoyin yawancin mutane. Ana rubuta kasa a karanta ƙasa, a rubuta daki a karanta ɗaki, ba wanda ya damu. Amma a kan maganar makauniya gurup ya rabu biyu. Wasu suka ce ƙare ake nufi, Yalwa za ta sha ruwan Barmo, gulbi ya taso ya cinye gari. Wasu suka ce kare ne, ita za ta ceci garin. Wata yarinya daga Cadakori ce shugabar ƴan kare, wata daga Katsina ta ƴan ƙare, kullum suna jifan juna da bokal, wato saƙon murya, har da gori. In an tambayi Nasira sai ta tura hoton ƙuli.

Ni ta dalilin tuwo na shiga. Ƴata ta bar shi ya ƙone tana karatu, na ƙwace wayar da niyyar in yi faɗa, na zauna a gindin itacen bedi in duba irin shirmen da ake cusa wa yara. Aka kira magariba ina babi na goma sha tara. Washegari na sa aka sa ni a gurup, na ce don sa ido ne.

Da na ga gardamar ta ƙi ƙarewa, sai malantakata ta motsa. A lakol ɗinmu da Hausa ake fara wa yara karatu, kuma ni ne mai ajin farko, babu shekarar da ba na cika allo da k da ƙ. Ran wata Asabar na tafi gidanta, na same ta a kan turmi, na miƙa hannu.

"Mai ƙuli, kawo wayar ga in sa maki baƙaƙen ƙwarai. Kin raba kan ɗiyan mutane don ƙugiya guda."

"Sannu Mushe," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ashe har yanzu ana biyan ka don ka riƙa ganin abin da kowa ya gani? Basira ta sa mani su tun babi na sha biyu."

Ta juyo mini da fuskar wayar. Gaskiyarta. Ga ƙofa da ƙugiyarta, ga ɗaki, ga ɓera, duk sun sha ado. Ni da nake tutiya da ido na karanta babi talatin ban lura ba. Amma duk inda aka maimaita maganar makauniya, kalmar na nan tsirara yadda take tun farko.

"To mi ya hana ki sa ma wagga?"

"Ban san wadda anka ce ba."

"Ke ka rubutu, wa zai sani in ba ke ba?"

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni. "Rabo," ta ce, kuma rabon da in ji sunana a bakinta an fi shekara ashirin, "maganar wa kaka zato na sa bakin makauniya?"

Ta ce ita ƙare ta nufa ranar da ta rubuta, don ita ta sani tun tana goye. Tana turawa sai yarinyar Cadakori ta amsa da cewa madalla, ashe Yalwa ce za ta tsare su. Ta ɗaga yatsa za ta gyara mata, sai yatsan ya tsaya. Ta sake karanta layin yadda yake a rubuce, babu ƙugiya, sai ta ji shi da muryar Dija. Shekararta arba'in, ranar ce ta fara jin maganar ta ɗaya fuskar. Ta ce ƙulin da ke kan wuta a ranar duk ya ƙone.

Na tsaya riƙe da hulata kamar wanda ya zo roƙon gishiri. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Cikin manyan da suka halarci sunan, mutum biyu suka rage. Uwata, wadda Hausar kawai ta ji a tsakar gida, da Goggo Mairama, ɗiyar wan Dija, da ke zaune a wani ƙauye kusa da Sae Sabuwa. Ita ce ke cikin ɗakin mai jego tare da Dija kafin ta fito, kuma su biyun in sun haɗu Fillanci suke yi. A Fillanci kuwa tsarewa da gamawa ko kama ba su yi ba.

Na ce gobe ma a tafi. Nasira ta ce a'a. Mako uku tana ja da baya, babi ya tsaya, ƴan mata na ta kuka a gurup. Da na matsa mata ta ce, "Yanzu ina da wataƙila. Ban taɓa samun ta ba sai bana. In na tahi ta ce ƙare ce, ita ma na rasa ta." Gaskiya ta faɗa.

Tasi'u ne ya yanke. Ran wata Lahadi ya ƙi ɗaukar fasinja, ya wanke mota, ya ce tuwon gidansa ya lalace tunda aka fara zancen ƙugiyar nan, don haka yau za a je a ciro ta. Nasira ta aiko a ce mini in zo, wai ni ma ina da kunne a cikin maganar.

Lokacin kaka ne, damman gero jingine a bakin gonaki, amalanken jakuna na ta kai da kawo. Muka wuce Agye, muka bar kwalta muka kama jar hanya, motar Tasi'u ta mutu sau biyu. Hantsi ya yi sosai muka isa. Muka tarar da Goggo Mairama a inuwar ɗaki tana ɗinkin faifai, ta haura saba'in amma idonta ras. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi na raye, aka yi addu'a ga na mace. Nasira ta aje mata kwalbar mai da ƙullin ƙuli, ta shiga zancen gyaɗar bana, daga nan ta koma zancen ciwon gwiwa. Tasi'u ya yi gyaran murya har sau uku kafin ta daure.

"Goggo, kina tune da ranar sunana?"

"Ina tune. Na zo da kwarya babu nono, kunya kamar ta kashe ni."

"Abin da Inna Dija ta hwaɗi tsakar gida, kare ta ce, ko ƙare?"

"Kare ta ce mana."

"Kare na tsaro, ko ƙare na gamawa?"

Tsohuwa ta dube ta, ta dube ni. "Ke ɗiyar ga, kin ce kare ko kare, na ce maki kare. Mi ya rage?"

Ashe harshenta irin na Dija ne, kuma kunnenta ma bai raba su. Mun ƙona mai tun daga Gazawa don mu tambayi bambancin k da ƙ a wurin wadda duk ɗaya ne gare ta. Tasi'u ya yi dariya har ya sarƙe, ya fita waje yana tari. Ni ma na so in yi, sai na ga Nasira ta matsa kusa da tsohuwar.

"Goggo," ta ce a hankali, "bar Hausa. Cikin ɗaki, kahin ta hito, mi ta ce maki da Hillanci?"

Goggo Mairama ta aje faifai. Ta faɗi jimlar duka da Fillanci, yadda aka faɗa mata ita shekara arba'in da suka wuce. Fillancina ɗan kaɗan ne, na tsintuwa, amma na kama kalmar, reena. Ita ake faɗa wa makiyayin da ya tsaya a kan garke ya hana kura da ɓarawo.

"Ta ce shanu sun tahi, amma ga mai tsaron gida Allah ya aiko," in ji tsohuwar. "Tana dariya ta hwaɗi. Duk shekaran nan ranar kaɗai na ga hakorinta."

Da muka bayyana mata yadda gidan Salisu ya ji maganar, da kwatance da hannu, ta daɗe tana salati. Ta ce ashe shi ya sa. Ta ce duk zuwan da Dija ta yi wurinsu sai ta yi ƙorafi, wai ɗiyanta sun zama Hausawa, ba su son yarinyar nan, ta rasa dalili, ko don ta zo cikin yunwa ne. Da wannan mamaki ta mutu. "Shekara tara tana tsakaninku," in ji Goggo Mairama. "Ba wanda ya tambaye ta?"

Nasira ta ciro waya daga leda ta ce a sake faɗa mata. Aka faɗa, ta ɗauki muryar. Ta ce a sake, aka sake. Sannan ta roƙi ruwa ta sha, ta gyara ɗaurin kallabi ta ce rana na yi, a tafi.

A hanya ba ta yi murna ba, ba ta yi kuka ba. A Agye ta sa aka tsaya ta sayi albasa. Sai da muka hango Gazawa ta ce, ba da kowa ba, "Inna nika so ta ji." Uwarta Fatima ta rasu shekara shida kafin wannan rana.

Ni na kai wa uwata labari. Ta saurari muryar Goggo Mairama a waya, ita da Fillancinta ya fi nawa. Ta ce, "Allah bai yi ba." An ce tuwon da aka kai mata ranar haka aka ɗauko shi.

Bayan kwana huɗu babin ƙarshe ya fito. A cikinsa makauniya ta rasu, aka samu wata tsohuwa a garin ƙasa da ta san harshenta na asali, ta warware maganar: kare ta ce. Yalwa ce ke riƙe da gulbi a ƙasa duk shekarun nan ba tare da ta sani ba, jan ruwan da take yi kullum shi ya hana shi tasowa. Sai dai lokacin da gari ya gane, furfura ta fito mata, kowa ya yi nasa gidan. Barmo kuwa ya daɗe da sakin igiya, ya koma wurin shanunsa ya yi aure. Nasira ta rubuta cewa a shekarun da yake hawowa bakin rijiya, kullum sai ya gifta ta gaban makauniyar, har yakan gaishe ta.

Gurup ya kama da wuta. Ƴan kare sun ci gardama amma ba su ji daɗin cin ba, ƴan ƙare suka ce da haka gara ruwa ya cinye garin kowa ya huta. Wasu suka fita, suka dawo don su sake zagi. Washegari da safe yarinyar Cadakori ta turo bokal.

"Tanti Nasira, don Allah ki gyara. Ki maishe su baya ki haɗa su. Ai ke ka rubutu, duk abin da kinka ce shi za a yi."

Ina tsakar lakol lokacin, yara sun fito shan iska, ina jingine da bango ina sauraro. Na ga alamar Nasira na rubutu, ta tsaya, ta sake farawa. Sannan amsar ta shigo.

"Ɗiyata, ƙugiya kaɗai nika iya gyarawa. Shekarun ba hannuna suke ba. Da Barmo ya tsaya sau guda ya tambayi tsohuwar, da kin samu labarin da kika so."

Mutum ɗari uku da wani abu ne suka karanta wannan amsa, suka yi ta tsine wa Barmo har azahar. Aka kaɗa ƙarfe, yara suka ruga aji, na bi su. Na ce su fito da allunansu, suka fito da su, suka zuba mini ido, na daɗe a tsaye ban ba su abin rubutawa ba.